Yadda Inji Ya Koyi Rubuta Harsunanmu

Hausawa suna cewa sai an gwada akan san na ƙwarai. Maƙeri ba ya miƙa wa manomi fartanya sai ya ga ƙota ta zauna daram, maɗinki kuma ba ya sallamar riga sai mai ita ya sa an duba wuya da hannu. Haka yake ga masu buga littattafai tun zamanin da ake zuba haruffa da dalma, haka kuma yake ga masu ƙera manhajar kwamfuta da wayar hannu a yau. Kafin su ce injinsu ya iya rubutu, sukan ɗauko magana guda wadda aka juya cikin harsuna masu yawa, su ba shi, su zuba ido su ga abin da zai fitar. In ya fitar da kowane harfi da kamanninsa, ya ci jarrabawa. In ya ci tuntuɓe a wani harshe, sai a koma a gyara.

Wannan magana ta shafe mu ƙwarai, mu masu jin Hausa, domin harshenmu yana da baƙaƙe masu ƙugiya waɗanda Turanci da Faransanci ba su da su, wato ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Mai karatu ya dubi abin da ke faruwa in ƙugiya ta faɗi. Ƙasa ta zama kasa, ƙura ta zama kura, faɗa ya koma fada, ɗaiɗai ya koma daidai. A cikin littattafan ikilisiya ma, in an ambaci Uba da Ɗa aka bar ƙugiya a baya, sunan Ɗa ya zama ɗaya da ƙaramar kalmar nan da ke haɗa shi da Uba, yaro mai koyon karatu kuwa ba shi da abin da zai raba su da shi. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Saboda haka ya kamata mu san tarihin wannan gwaji, mu san inda harshenmu ya shiga cikinsa, da waɗanda suka yi wahalar shigar da shi.

ADDU'AR DA TA ZAMA MA'AUNI

Tun kafin a yi mafarkin kwamfuta, masanan Turai sun nemi magana guda da za su jera harsunan duniya a kanta. Suka zaɓi Addu'ar Ubangiji. Dalili kuwa a fili yake: gajeriya ce, kowa a cikinsu ya san ma'anarta, kuma duk inda masu bishara suka sauka tana cikin abubuwan da ake fara juyawa. A shekara ta 1555 wani masani mutumin Zurik, Conrad Gessner, ya buga littafi mai suna Mithridates, ya jera addu'ar cikin harsuna 22 domin a kwatanta su.

Nufin Gessner shi ne sanin harsuna, amma daga baya masu maɗaba'a suka mai da abin ya zama wurin gwada ƙarfi. A zamanin nan kowane harfi sai an sassaƙa shi a kan ƙarfe, a buga shi cikin tagulla ya bar gurbi, sa'an nan a zuba narkakkiyar dalma cikin gurbin. Maɗaba'ar da ke da haruffan Larabci da na Ibrananci da na Helenanci da na Habasha da na Sin, ta zama ita ce sarauniya. A 1805, da Fafaroma Pius na Bakwai ya ziyarci babbar maɗaba'ar gwamnati a birnin Faris, shugabanta Jean-Joseph Marcel ya miƙa masa addu'ar cikin harsuna 150. Shekara guda bayan haka, a 1806, Giambattista Bodoni na birnin Parma a Italiya ya fitar da tasa cikin harsuna 155. Alois Auer na maɗaba'ar sarki a Viyana ya zarce su duka tsakanin 1844 da 1847, da harsuna da karin harsuna fiye da 600.

Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Ingila, wadda aka kafa a 1804, ta bi wannan sawu ta wata hanya. Ta riƙa buga wani ɗan littafi da ke ɗauke da aya guda, galibi Yohanna sura 3 aya 16, cikin kowane harshe da ta taɓa buga wani sashe na Littafi a cikinsa. Duk lokacin da aka sake bugawa sai a ga harsunan sun ƙaru, har suka kai ɗaruruwa. Wanda ya buɗe ɗan littafin nan zai ga rubutun da ke tafiya daga hagu, da wanda ke tafiya daga dama, da wanda ke saukowa daga sama, duka a shafuka maƙwabta. Abin da masu gwada manhaja ke yi ke nan a yau, sai dai su a fuskar gilashi suke yi.

KUNNEN BATURE DA ALƘALAMIN MALAM

Kafin inji ya rubuta harshe, sai mutum ya fara jin sautinsa ya ba shi alama. A nan ne Hausa ta fara gamuwa da cikas. James Frederick Schön, Bajamushe mai aiki da mishan ɗin CMS, ya bi ayarin da ya hau kogin Kwara a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, ya kuma buga littafinsa na farko na kalmomin Hausa a 1843. Daga baya ya sami taimakon samari biyu, Dorugu da Abbega, waɗanda matafiyin nan Heinrich Barth ya kai Ingila a 1855. Da taimakon Dorugu musamman ya fitar da nahawu a 1862, da ƙamus a 1876, da Magana Hausa a 1885, ban da sassan Littafi Mai Tsarki da ya juya. Aiki ne babba, wanda ya cancanci godiya. Amma Schön bai rarrabe k da ƙ, ko d da ɗ, ko b da ɓ a rubutunsa ba, domin kunnen da ya girma da Jamusanci bai saba da wannan bambanci ba.

Malaman Hausa kuwa sun riga sun ji shi tuntuni. A cikin ajami sukan rubuta k da kaf, su rubuta ƙ da ƙaf. Sukan rubuta d da dal, su ari harfin Larabci ɗa su rubuta ɗ da shi. Sautin ts ma sun yi masa alama ta ƙara ɗigo uku a kan wannan harfi. Turawan da suka biyo bayan Schön suka lura da haka. Charles Henry Robinson, wanda ya isa Kano a ƙarshen 1894, ya komo da takardun ajami, ya buga wasu a Kambirij a 1896 da kamannin hannun da ya rubuta su. Sannu a hankali aka soma sa ɗigo ƙarƙashin wasu baƙaƙen boko domin a nuna abin da alƙalamin malam ya daɗe yana nunawa.

A wannan zamani kuma an yi ƙoƙarin samar da abjadi guda ga dukan harsuna. Sigismund Koelle ya zauna a Saliyo cikin bayin da aka 'yanta, ya tattara kalmomi daga harsunan Afirka fiye da 150, har da Hausar Kano da ta Katsina, aka buga a 1854 da sunan Polyglotta Africana. Karl Richard Lepsius na Jamus ya tsara abjadin da mishan-mishan da yawa suka karɓa, aka fitar da shi da Turanci a 1855, aka sake gyara shi a 1863. Aibinsa shi ne yawan ɗigo da layuka a sama da ƙasan haruffa. Mai ɗab'i yakan sha wuya kafin ya same su, in an buga kuma tawada ta yi ƙaranci sai ɗigon ya ɓace.

RABON ƘASAR TOGO

Mu da ke zaune a Lome muna da abin tunawa a nan, domin mutane uku da suka yi wa wannan aiki hidima sun taka ƙasar Togo ta zamanin Jamus. Na fari shi ne Imam Umaru, haifaffen Kano a 1858, wanda ya zauna a Salaga, sa'an nan ya koma Kete Krachi a 1896, ya rasu a can a 1934. Garin yana cikin Gana yanzu, amma a lokacin yana hannun Jamus. Na biyu shi ne Adam Mischlich, wanda ya zo a matsayin ɗan mishan ɗin Basel, daga baya ya zama jami'in mulki a Kete Krachi. Imam Umaru ya rubuta masa tarihi da labarun ƙasar Hausa da ajami, shi kuwa Mischlich ya fitar da littafin koyon Hausa a 1902 da babban ƙamus a 1906. Bature ne sunansa ke kan bango, amma rijiyar da aka ɗebo ruwan ta malamin Kano ce.

Na uku shi ne Diedrich Westermann, wanda mishan ɗin Bremen ta aiko Togo a farkon ƙarni na 20. Ya ƙware a harshen Ewe har ya rubuta ƙamus da nahawunsa, ya kuma fitar da littafi a kan Hausa a 1911. Da aka kafa cibiyar nazarin harsuna da al'adun Afirka a Landan a 1926, yana cikin shugabanninta, kuma a 1927 cibiyar ta fitar da shawara a kan yadda za a rubuta harsunan Afirka. Gindin shawarar shi ne a rage ɗigo-ɗigo, a ba kowane sauti cikakken harfi nasa na kansa wanda ba zai goge ba. A kan wannan tafarki ne maƙwabtanmu Ewe suke da ɖ da ƒ da ɣ da ʋ da ɛ da ɔ da ŋ, waɗanda muke gani a littattafan waƙoƙinsu da allunan majami'unsu. Tun 1975 kuma, da gwamnatin Togo ta ɗauki Ewe da Kabiye a matsayin harsunan ƙasa, masu ɗab'i a Lome ba su da makawa sai su tanadi waɗannan haruffa.

ƘUGIYA TA SAMI GINDIN ZAMA

A Arewacin Nijeriya, bayan Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato a 1903, Gwamna Lugard ya zaɓi boko domin aikin mulki. Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909, ya kuma fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912. Littattafan shekarun nan suna nuna baƙaƙen namu da ɗigo a ƙarƙashi ko da ɗan waƙafi a gefe. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Likita Walter Miller na Zariya ya ɗauki kaso mafi girma a ciki. A 1934 babban ƙamus na George Percy Bargery ya fito, kuma Westermann ɗin nan na Togo shi ya rubuta bayanin Hausawa da harshensu a farkonsa.

A cikin shekarun 1930 ne ƙugiya ta maye gurbin ɗigo, a ƙarƙashin Rupert East da ofishin talifi na Zariya. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a watan Janairu na 1939 da Abubakar Imam a kujerar edita, da littattafan makaranta da aka yi ta bugawa a Zariya, su ne suka sa idon Bahaushe ya saba da ɓ da ɗ da ƙ. A 1966 hukumar UNESCO ta tara masana a Bamako domin a daidaita rubutun Hausa da Fulfulde da Zabarmanci da Barbarci da wasu harsuna tsakanin ƙasashen da Ingila ta mallaka da waɗanda Faransa ta mallaka, aka kuma ci gaba da irin wannan zama a Yamai a 1978 da 1980. Bambanci guda ya rage har yau: Nijar tana rubuta ƴ, Nijeriya kuwa ta fi rubuta 'y. A zangunan Lome, inda ɗan Maraɗi da ɗan Katsina ke cin kasuwa ɗaya, duka biyun suna zuwa hannunmu.

TAFIRETA DA KWAMFUTOCIN FARI

Samun harfi a ƙa'ida daban, samunsa a kan inji daban. Injin Linotype, wanda ya fara aiki a Amurka a 1886 ya kuma mamaye gidajen jaridu, maɓallai 90 gare shi, duk harfin da ba ya cikinsu sai an yi odarsa da kuɗi. Tafiretar da ke ofisoshi da gidajen mishan an ƙera ta ne domin Turanci ko Faransanci. Dattawan da suka yi aikin akawu ko na katikis sun san yadda ake yi: a buga takarda, sa'an nan a bi ta da biro ana lanƙwasa kan kowane k da d da b. In aiki ya yi yawa sai a bari, a ce mai karatu zai gane. Daga nan ne al'adar zubar da ƙugiya ta samo asali, ta kuma bi mu har cikin wayoyinmu.

Da kwamfuta ta zo, sai aka koma baya kafin a ci gaba. Kwamfuta ba ta san harfi ba, lamba ta sani. Kowane harfi sai an ba shi lambarsa. Tsarin da Amurka ta fitar a 1963, mai suna ASCII, gurbi 128 kawai gare shi, kuma Turanci ya cinye su. A 1987 aka amince da wani mai gurbi 256 domin harsunan Turai ta yamma, é da ç na Faransanci suka sami shiga, ƙ bai samu ba. Akwai wani tsari na haruffan Afirka da aka yi a 1983 domin ɗakunan karatu, amma bai kai ga kwamfutocin kasuwa ba.

Masu fassarar Littafi Mai Tsarki da masu yaƙi da jahilci suka nemi dabara. Sai su zana ƙ su ɗora shi a gurbin wani harfi da ba sa bukata. A kwamfutar da aka yi aikin, komai ya fito sumul. Da an ɗauki rubutun an kai wata kwamfuta wadda ba ta da wannan zubin haruffa, sai tsohon mai gurbi ya dawo ɗakinsa, shafi ya cika da alamomi marasa ma'ana. Aikin shekaru ya zama ba ya karantuwa sai a inji guda, in injin ya mutu kuwa sai a yi ta neman mai ceto.

KOWANE HARFI DA LAMBARSA

Maganin ya zo ne a 1991, lokacin da aka kafa ƙungiyar Unicode a Kalifoniya ta Amurka. Manufarta ita ce kowane harfi na kowane harshe ya sami lamba tasa wadda ba ya tarayya da kowa a kanta, ko a wace na'ura. Ta fara da haruffa dubu bakwai da ɗoriya, yau sun haura 150,000. Baƙaƙen Hausa masu ƙugiya, manya da ƙanana, suna ciki tun farkon shekarun 1990. A 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka ƙirƙiro hanyar ajiye waɗannan lambobi da ake kira UTF-8, wadda ita ce yawancin shafukan intanet ke amfani da ita yanzu.

Rubuce-rubucen Afirka suka yi ta shiga ɗaya bayan ɗaya: na Habasha a 1999, Tifinag na Buzaye a 2005, N'Ko wanda Solomana Kante ya ƙago a 1949 domin harsunan Mande ya shiga a 2006, Adlam na Fulani wanda 'yan'uwa biyu Ibrahima da Abdoulaye Barry na Gini suka ƙago ya shiga a 2016. A shekarar nan ta 2016 aka ƙara fa da ƙaf da nun irin na rubutun Warshu da makarantun allo na ƙasashenmu suka saba da shi, a 2020 kuma aka ƙara wasu haruffa domin ajamin Hausa. Ƙungiyar SIL, wadda ke aiki kafaɗa da kafaɗa da masu fassarar Littafi, ta fitar da zubin haruffa kyauta: Charis da Doulos da Andika domin boko, Harmattan domin ajamin Afirka ta Yamma, da wani mai suna Alkalami wanda aka zana bisa hannun malaman Kano.

ABIN DA MAI GWAJI KE DUBAWA

To, in kowane harfi ya sami lamba, me ya sa har yanzu ake gwaji? Domin lamba suna ce kawai. Sai na'ura tana da hoton harfin, ta kuma san yadda za ta jera shi da maƙwabtansa. Masu wannan aiki sukan ɗauki rubutu guda cikin harsuna da yawa, kamar yadda Bodoni ya yi. Wanda aka fi ɗauka a zamaninmu shi ne jawabin 'yancin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya na 1948, domin an juya shi cikin harsuna fiye da 500, har da Hausa da Ewe da Kabiye. Ga kaɗan daga cikin cututtukan da suke nema.

Na fari shi ne ɗan akwati mai kusurwa huɗu da ke tsayawa a gurbin harfi. Ma'anarsa na'ura ta gane lambar amma ba ta da hoton. Masu sana'ar suna kiransa da sunan abincin nan na waken soya da mu muke ce wa awara, saboda kamanninsa. Kamfanin Google ya sa an zana babban iyalin haruffa mai suna Noto, wanda manufarsa ita ce kada a ƙara ganin awara a rubutun kowane harshe.

Na biyu shi ne rubutun da ya rikiɗe. In an ajiye ƙ da UTF-8 aka buɗe shi da tsohon tsarin Turai ta yamma, sai a ga Æ™ a wurinsa, kamar yadda é na Faransanci ke komawa Ã© a wasu takardu da kowa a Lome ya taɓa gani. Harfin bai mutu ba, mabuɗin da aka sa masa ne ba nasa ba.

Na uku ya shafi Hausa musamman. A cikin jerin Unicode, ƙananan ɓ da ɗ suna zaune ne a rukunin alamomin masana furuci, su kuwa ƙ da ƴ da dukan manyan haruffan huɗu suna wani rukuni dabam. Mai zanen haruffa yana iya cika rukuni ɗaya ya bar ɗayan. Sai na'ura ta je ta aro harfin da ya rasa daga wani zubi, ka ga ɗ ya fito siriri ko ƙato a tsakiyar kalma kamar baƙo a gidan biki.

Na huɗu shi ne haruffa masu kama da juna. A nan Lome hatsarinmu shi ne ɗ na Hausa da ɖ na Ewe: na farko ƙugiyarsa a sama take, na biyu wutsiyarsa a ƙasa, kuma sautinsu ba ɗaya ba ne. Mai buga takarda wanda ya saba da Ewe zai iya sa nasa a wurin namu da zuciya ɗaya. Su ma Ewe suna da tasu damuwar: babban Ɖ nasu yana da tagwaye biyu, ɗaya a harshen Aisland ɗaya a na Biyetnam, masu kama ɗaya da lamba dabam, alamar hanci a kan ɛ ko ɔ kuma sai na'ura ta ɗora ta da kanta, in ba ta iya ba sai alamar ta zame gefe.

Na biyar shi ne ajami, wanda ya fi kowanne wuya. Yana tafiya daga dama, amma lambobin da ke cikinsa daga hagu ake jera su. Harfi guda yana iya sake kama har sau huɗu bisa ga inda ya faɗo a kalma. Ajamin Hausa kuma ba ya yin ba wasali, don haka fataha da kisira da rufu'a da ɗigon imala duk sai sun zauna a wurarensu. Fa tamu ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuwa ɗigo ɗaya gare shi a sama, saɓanin rubutun ƙasashen gabas. Manhajar da ta ci jarrabawar Larabcin Masar tana iya faɗuwa a ta Kano.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani nan take. A ƙamus ɓ yana bin b, amma na'urar da ke jera suna bisa lamba zalla za ta jefa shi bayan z, sai a nemi sunan mutum a rajista a rasa. Alamar da ke gaban 'y da wadda ke cikin kalma kamar addu'a, wasu manhajoji sukan ɗauke ta alamar zance, su juya ta baya, ko su yanke kalmar biyu.

ABIN DA YA RAGE A GARE MU

Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba. Injiniyan da ke Amurka ko Indiya zai iya gane akwati in ya gan shi, amma ba zai gane ɖ ya shiga wurin ɗ ba, ba zai kuma san kasa ba ƙasa ba ce. Wannan sashe na gwajin ba mai yi sai mai harshe. A tarihin da muka bi, duk inda aka ci gaba akwai mai harshe a wurin: Dorugu a gefen Schön, Imam Umaru a gefen Mischlich, Abubakar Imam a gefen East.

Saboda haka, 'yan'uwa, ga shawara ga kowane katikis da sakataren ikilisiya da shugaban ƙungiyar mawaƙa, a nan Djidjolé ko a wani zango. Kafin ka ba da takardar sujada ko littafin koyarwa a buga, fara sa a buga maka layi huɗu kamar waɗannan: Ɓera ya ɓuya. Ɗan tsako ya ɗaga kai. Ƙuda ya faɗa ƙwarya. Ƴan mata sun ɗebo ƴaƴan itace. Manya da ƙananan baƙaƙen nan takwas duk suna ciki. In takardar tana da Faransanci da Ewe, ƙara layi guda na kowanne. Duba su a fuskar kwamfuta, duba su a takarda, sa'an nan ka aika su zuwa wayar wani ka ga ko sun isa lafiya. In ɗaya ya ɓace, a sake zubin haruffa tun ba a ɓarnatar da takarda da tawada ba. Rigakafi ya fi magani.

Allon maɓallan Faransanci da ke shagunanmu ba shi da ƙ, amma wannan ya daina zama hujja. Ana iya ɗora wa kwamfuta tsarin maɓallan Hausa, wayoyin zamani kuma suna da shi, sai dai a shiga a zaɓa. Mu koya wa yaranmu na ajin katikisma inda ƙugiya take a wayar da ke hannunsu, kamar yadda aka koya mana lanƙwasa ta da alli a kan allo. Waɗanda suka riga mu sun sassaƙa ta a ƙarfe, sun bi ta da biro shafi bayan shafi, sun yi tafiya zuwa Bamako da Yamai saboda ita. Mu abin da ya rage mana shi ne danna maɓalli. Allah ya ba mu himmar yin haka.